Ɗan fari a hannun dangi: rikicin cokali uku na ruwa a wani gida a Kano

Abin ya faru ne tsakanin Janairu da Yulin 2024 a wani gida da na sani, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Mijin malamin sakandare ne a Kano, yana zaune da matarsa a gidan haya a bayan gari. Ita 'yar Zariya ce, daga cikin birni, kuma wannan ce haihuwarta ta fari. Babban gidan su mijin yana cikin ganuwar Kano. Mahaifinsa ya rasu, ragamar cikin gida tana hannun mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Hajiya, sai kuma ƙanwar marigayin, Gwaggo, wadda ba a yanke wata magana ta haihuwa ko aure sai an ji ta bakinta.

Zariya: kwana arba'in

Da cikin ya shiga wata takwas aka mayar da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Ta riga ta yi awo a Kano, ta ci gaba a Zariya, kuma ta haddace abin da malaman asibiti ke maimaitawa: a sa jariri a nono da zarar an haife shi, kada a matse dakashi a zubar, nono zalla har wata shida ba tare da ko ɗigon ruwa ba, cibiya a shafa mata maganin asibiti kawai, ba zuma kafin shekara ɗaya, ba cire beli.

Ta haihu a farkon Janairu, ana tsakiyar sanyi. Kusan duk abin da aka gaya mata an bi shi a gidan iyayenta, amma ba don ita ta buɗe baki ba. Mahaifinta ne ya yi wa yaron huɗuba, ya tauna ɗan dabino ya goga masa a dasashi, da wata tsohuwa ta miƙo zuma ya ce dabinon ya wadatar, shi ne abin da ya tabbata Annabi (SAW) ya yi. Ranar suna da wanzami ya zo da zabirarsa, shi ne dai ya ce a yi aski a tsaya nan. Cibiya kuma, mahaifiyarta, Umma, ita ta karɓi maganin daga hannun malamar asibiti, don haka da ungozomar da ke wanka ta nemi kasko da tsumma za ta yi gashi, Umma ta ce a bari ta faɗi tukuna. Babu wanda ya ji haushi, domin manya ne suka yi wa manya magana.

Haka aka yi da kunun kanwa. Zariya ba baƙuwar wannan magana ba ce. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun rubuta a kan yawan ciwon zuciya da ke kama masu jego a yankin, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta ya fi karkata ga wasu dalilan, irin su rama da talauci da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Umma ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ta sani shi ne ita kanta tana shan maganin hawan jini, likita ya hana ta gishiri, 'yarta kuma jininta ya ɗan hau a ƙarshen cikin. Sai ta rage kanwar har ta zama sai dai launi, ta sa ana surka ruwan wankan kafin a tsoma ganyen darbejiya. Maijego ta yi wankanta safe da yamma, ta ci ƙauri, ta sha yaji, ba wanda zai ce ba a yi mata jego ba.

Yinin suna an cika gida. Mota biyu ta zo daga Kano, Hajiya da Gwaggo a gaba. An yanka rago ɗaya kamar yadda aka saba a mazhabar Malikiyya, aka raɗa wa yaron sunan kakansa marigayi, aka ce a riƙa kiransa Abba. Wannan suna ya ƙara wa maijegon nauyi a kan nauyi. Da ma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. Ga shi kuma yanzu sunan surukinta ne. A ɓangaren Hajiya kuwa sunan ya ba ta iko. Tana karɓarsa ta ce, "Maigidana ya dawo, ku ba ni angona." Wasa ne irin na kaka da jika, amma duk wanda ke ɗakin ya gane saƙon.

Wata biyu na "to, Hajiya"

Bayan arba'in aka mayar da ita ɗakinta da gara. A gidan haya su uku ne, ba mai sa ido, yaro yana shan nono yana murjewa. An yi rigakafin mako 6 da na mako 10 a kan lokaci. Da azumi ya kama a watan Maris ta gwada 'yan kwanaki, ta ga nono yana ja baya, ta sha wasu ranakun da niyyar ramuwa, wanda addini ya ba mai shayarwa dama.

Duk Juma'a suna zuwa gaida Hajiya. Kusan duk zuwa sai ta tambaya: "Ke 'yar nan, kina dai ba shi ruwa ko? Zafin nan ba na wasa ba ne." Ita kuma sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Hajiya." Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. A hanyar komawa takan ce wa mijin ya yi wa Hajiya bayani, shi kuma ya ce, "Ki bar ni da ita, zan samu lokaci." Har Sallah ta zo bai samu lokacin ba.

A ganina a nan rikicin ya fara, ba ranar da aka ɗaga murya ba. Hajiya ta ɗauka ana ba jikanta ruwa, domin ba wanda ya gaya mata akasin haka. Matar ba ta da bakin gaya mata. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya zama kusa da Hajiya bayan la'asar, su biyu kaɗai, ya ce mata ga abin da likita ya ce, kuma shi ne ya yi ta ɗaga maganar daga Juma'a zuwa Juma'a.

Ranar Ƙaramar Sallah

Sallar ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura maki 40. Babu wuta tun dare. Gidan ya cika da 'ya'ya da jikoki da surukai, yara suna shiga suna fita neman barka da Sallah. Ita tana madafa tare da faccalolinta ana tuƙin tuwo ana rarraba kwanuka, domin matar ƙaramin ɗa ba ta zama a ɗaki ranar Sallah ana aiki. Abba kuwa tun shigowarsu aka raba ta da shi. Daga hannun wannan sai na wancan, 'yan mata suna ɗaukar hoto da shi, wani yaro mai majina yana sumbatarsa a kumatu, ga hular Sallah da safa da aka hana a cire masa don sun dace da rigar.

Wajen azahar ya fara kuka. Kukan zafi ne da yunwa, kuma abin da yake bukata a tuɓe shi a kai wa uwarsa. Gwaggo ta karɓe shi, ta dubi leɓensa ta ce ƙishirwa ce, ta sa aka ɗebo ruwan randa a moɗa ta ba shi da cokali. Daga nan ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙullin dauri, ta jiƙa kaɗan ta ɗura masa, tana cewa yaro wata uku ba a taɓa ba shi dauri ba, ai dole ya yi ta kuka.

Uwar ta shigo da kwano a hannu ta tarar ana cokali na uku. Ba ta ce komai ba. Ta ajiye kwanon, ta koma bayan ɗaki ta tura wa mijin saƙo ta WhatsApp. Yana zaure da 'yan'uwansa. Da ya jira aka watse, da labarin ya canza. Sai ya taso ya shigo tsakar gida, a gaban surukai da yara, ya ce, "Haba Gwaggo, wa ya ce a ba shi ruwa? Likita ya hana. Kashe shi za ku yi?"

Tsakar gidan ta yi tsit. Hajiya ce ta amsa, ba ta ko ɗaga murya ba: "Kai da ruwan na raine ka, da daurin nan na hannunta. Ga ka nan tsaye kana yi mana faɗa." Gwaggo ta miƙa yaron ga wata yarinya, ta yafa mayafinta, ta ce tunda an fara kiranta mai kisan kai a gidan ɗan'uwanta, ta bar musu gidan. Ba ta ci tuwon Sallah ba. Kafin magariba labari ya zagaya dangi cewa 'yar Zariya ce ta zuga mijinta.

Kwana biyu bayan haka Abba ya tashi da zawo da ɗan zazzaɓi da mura. Washegari maɗigarsa ta ɗan faɗa, fitsari ya ragu, suka tafi asibiti. Aka ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ƙwayar zinc, aka ce a ci gaba da nono babu ƙaƙƙautawa, aka riƙe su zuwa yamma aka sallame su. Malamar da ta duba shi da ta ji an ba shi ruwa da jiƙo, sai ta rufe uwar da faɗa, wai ina amfanin karatunta da zuwanta awo. Ta sha faɗan gida, ta zo ta sha na asibiti, a kan abin da ba hannunta ya yi ba.

Me kowa yake karewa?

Zawon jariri yana da ƙofofi da yawa. Ruwan randa da moɗar da kowa ke tsomawa ɗaya ce, hannuwan da suka yi ta ɗaukarsa wata ce, ga rigakafin mako 14 da ya faɗo a makon Sallah aka ɗaga shi, alhali a cikinsa akwai ɗigon kariya daga ƙwayar rota mai sa zawo, wanda Najeriya ta shigar cikin jadawalinta a 2022. Mijin ya ɗora komai a kan cokalin Gwaggo don ya fi sauƙin nunawa.

Amma maganar hana ruwa tana da tushe. Kusan kashi 88 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara zuwa idan yaro ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa ko a bazara. Cikin jariri ƙarami ne, idan ruwa ya cika shi sai ya rage tsotso, idan tsotso ya ragu nono ya ragu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan wata shida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, kuma a gidajenmu ba madarar gwangwani ce ke ɓata lissafin ba, ruwa ne.

Sai dai duk wanda ya ɗauka jahilci ne ya sa Gwaggo ta ɗauki cokali, bai san gidan Bahaushe ba. Baƙo idan ya sauka, kafin gaisuwa ta yi nisa an kawo masa ruwa, jariri kuma baƙo muke kiransa. A wurin tsohuwa, a hana ɗan mutum ruwa a zafin Afrilu rashin imani ne, ko wane likita ya faɗa. Hajiya ta haifi tara ta binne uku, biyu daga ciki kafin yaye. Ba ta da labarin ƙwayoyin cuta a lokacin, abin da ta gani shi ne waɗanda suka rayu sun sha ruwa sun sha dauri. Idan ɗanta ya tsaya a tsakar gida ya ce ruwa kisa ne, abin da kunnenta zai ji shi ne ana tuhumarta a kan waɗancan ukun.

Akwai kuma laifin da ya rataya a kan yadda ake wayar da kai. Ana tara masu ciki a benci ranar awo a yi musu bayani mai kyau, a sallame su. Mai cikin fari kuwa ita ce mafi ƙarancin iko a kan ɗanta a duk gidan. Ba ita ke yi masa wanka a arba'in ba, ba ita ke riƙe shi ranar taro ba, kunya ma ba ta barinta ta ce "ɗana". An ba ta saƙon, ba a ba ta bakin isar da shi ba. A Zariya abin ya tafi daidai ne don saƙon ya bi ta hannun Umma da mahaifinta. A Kano ya tsaya a hannun wadda ba ta iya wuce "to, Hajiya".

Yadda aka ɗinke

Babbar yayar mijin ce ta shiga tsakani, kuma ba ta fara da maganar ruwa ba. Ta kira shi ta ce, "Ko gaskiyarka ta kai girman Dala, ba a gaya wa Gwaggo ita a gaban surukai. Ka je ka ba ta haƙuri." Ya ja jiki kwana biyu, sannan ya sayi goro da turmin atamfa ya je ya durƙusa. Gwaggo ta bar shi a tsugune ya daɗe kafin ta ce ya tashi. Bai kawo zancen likita ba, domin Yaya ta gargaɗe shi kada ya haɗa ban haƙuri da wa'azi.

Mataki na biyu ya fi dabara. Ranar da za a je rigakafin da aka ɗaga, Yaya ta ce wa Hajiya yarinyar nan ba ta iya riƙe yaro idan ana allura, hannunta rawa yake yi, ko za ta taimaka ta raka ta. Hajiya ta shirya tun da sassafe. Suka dace da wata dattijuwar malama, wadda ta gaishe ta da kyau, ta ba ta kujera, ta ɗora Abba a sikeli, ta buɗe katinsa ta nuna mata layin nauyinsa yadda ya yi ta hawa tun Janairu, da inda ya ɗan lanƙwasa a makon zawon. Hajiya ta kawo kukanta na zafi da ƙishirwa. Malamar ba ta musa mata ba. Ta ce, "Gaskiyarki Hajiya, yana bukatar ruwa sosai. Amma ta jikin uwarsa zai sha. Ita za ki matsa wa ta sha, ta ci ta ƙoshi, shi kuma a ba shi nono duk sanda ya nema. Idan ya cika wata shida ke da kanki za ki fara ba shi."

Wannan magana ba ta ƙwace wa Hajiya aikinta ba, ta canza masa wuri ne kawai. Daga makon nan kullum sai almajiri ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan haya da jug na kunun gyaɗa ko fura ko zoɓo, ranar Juma'a kuma surukar ba ta isa ta tashi ba sai ta shanye kofi biyu a gabanta. (Ta ce min akwai ranar da ta fi tsoron kunun fiye da faɗan.) Ba a taɓa zama an ce wane ne ya yi gaskiya ba, kuma ina ganin da an yi wannan zaman da ba a kai ga haka ba.

Babbar Sallah ta zo a tsakiyar Yuni, Abba yana da wata biyar da rabi. Wannan karon mijin ya je tun jajibiri ya zauna da mahaifiyarsa su biyu. Ranar Sallah suna shiga Hajiya ta karɓi yaron, ta tuɓe masa hula da safa, ta goya shi da majanyinta, abin da ta daɗe ba ta yi wa wani jika ba. Mai son ganinsa sai ya zo ɗakinta, ga buta da sabulu a bakin ƙofa, musamman da yake hannun kowa na cikin nama da kayan ciki. Duk bayan ɗan lokaci sai ta aika madafa a kira uwarsa, ta kori yara, ta saki labule. Da wata baƙuwa ta ce a ɗan lasa masa romo, Hajiya ta ce, "Angona ba ya cin girkin kowa tukuna." Aka yi dariya aka wuce. Maganar da ta kusa raba zumunci a bakin ɗanta, a bakinta ta zama raha.

Ba komai ne ya gyaru ba. Ana ci gaba da ranɗa masa kwalli duk ranar taro, ko da yake wasu nau'o'insa suna ɗauke da dalma, kuma iyayen sun zaɓi su bar wannan yaƙin zuwa wani lokaci. Turaren wuta ma yana nan a ɗakin Hajiya, sai dai ta yarda a fita da kaskon kafin a shigo da shi. Gwaggo ta dawo zuwa gidan, tana amsa gaisuwar matar, amma har yanzu ba ta ƙara ɗaukar yaron ba. Idan an miƙo shi sai ta ce hannunta da datti, kowa kuma ya san abin da take nufi. Da ya cika wata shida Hajiya ce ta ba shi ruwan farko, tafasasshe, da kunun farko, ta kuma sanar a gaban kowa cewa idan lokacin yaye ya yi wurinta za a kawo shi, kamar yadda aka yi wa duk 'ya'yan fari na gidan. Uwar tana son ta shayar da shi shekara biyu cur kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, kuma ba ta son a raba ta da shi dare ɗaya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Hajiya." Mijin ya ce zai yi maganar kafin azumi.